Karyar Kiwo a Jirgin Masu Nutso

Scarista, Harris
6 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga Torquil ɗan Angus,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da jirginka. Ni ƙalau nake, sai gwiwa, ita kuwa ta riga ta zama abokiyar zama. Na san za ka juya takardar nan kana cewa wace ce kuma Dolina. To ni ce, matar marigayi Finlay MacAskill. Kakarka ta wajen uba da mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka ko ka so ko ka ƙi, gwaggonka ce ni. Rabona da kai tun jana'izar babanka, kana tsaye a ƙofar coci cikin takalman da suka fi ƙarfin ƙafarka.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Na sayar da tumaki, zan rufe gida. Na samu aiki a Glasgow, jinyar wata tsohuwa, a gidanta zan zauna, kuma 'yarta ta ce ko kyanwa ba ta yarda a shigo da ita ba. Ni kuwa ina da karya, Tib, shekararta shida, Finlay ne ya hore ta da hannunsa. A nan kowa na da karnukansa, ba mai son wadda ta saba da muryar wani. Maƙwabcina Calum ya same ni ina wanke-wanke ya ce, "Dolina, kada ki damu kanki. Ranar da za ki tafi ki bar mini ita, in kai ta bayan tudu. Ba za ta ji komai ba." Da zuciya ɗaya ya faɗa, haka ake yi, na sani. Na ba shi shayi ya sha, yana fita na zauna na yi kuka.

An ce ba ka da mata, ba ka da yara, kullum kana ƙarƙashin ruwa kana tsinto wa masu otal ƙumba, naman tekun nan mai ɓawo. Mutum irinka na bukatar wanda zai yi masa maraba. Ka riƙe mini ita. Ba ta cin abinci da yawa, ba ta sata, kuma ta fi rabin mutanen da na sani hankali. Ka ba ni amsa kafin ƙarshen wata.

Gwaggonka,
Dolina

Bunessan, Mull
9 ga Nuwamba

Gwaggo Dolina,

Na gaishe ki. Ya gwiwa, ya Glasgow da hayaniyarta? Ni lafiya, sai kunnen hagu da ke ɗan toshewa, ciwon sana'a ne. Tib ta iso a motar kifi kamar yadda muka yi. Kwana biyu ba ta ko kalle ni ba, yanzu kuwa a kan ƙafata take kwana a 'yar tirelar kwana da nake zaune a ciki.

A tudu ba ta da matsala, a ruwa matsalar take. Ba inda zan bar ta. Na kulle ta sau ɗaya, ta cinye rabin ƙofa. In na sake ta, ko'ina tumakin mutane ne, kin san abin da ake yi wa baƙon kare. Sai jirgi ke nan.

Mu biyu ne a jirgin, ni da Lachie. Ni ke sauka da tukunyar iska a baya in cika buhu da ƙumba. Lachie na sama riƙe da sitiyari, kuma aikinsa ɗaya ne tak: ya bi kumfar numfashina da ido, inda ta yi ya bi ta, in na taso ya tsayar da farfela ya ɗauke ni. In ya ɓatar da kumfar nan, ni ya ɓatar.

To, kaina na nutsewa Tib ke fara ihu. Ba haushi ba, Gwaggo, ihu. Ta ruga gaba, ta ruga baya, tana bin kumfar kamar za ta tattaro ta. Ranar Alhamis ta faɗa ruwa. Lachie ya bar sitiyari ya kamo ta da ƙugiya, kafin ya juyo igiyar ruwa ta ja ni can nesa. Minti ashirin ina yawo a kan ruwa ina ɗaga hannu. Da ya tsamo ni fuskarsa fara fat, ya ce, "Shekara tara ina kallon kumfarka, ban taɓa ɓatar da ita ba sai yau. Ka zaɓa, Torquil, ko ni ko wannan shaiɗaniyar."

In ba Lachie, ba nutso. Ban san yadda zan yi ba, ki faɗa mini.

Torquil

Glasgow
13 ga Nuwamba

Torquil,

Ina lafiya, tunda al'ada ce a fara da haka. Tsohuwar ma lafiya, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta mutu kafin yaƙi, ni kuma ina amsawa.

Sau uku na karanta takardarka, kuma na gane inda ka dosa. "Ki faɗa mini," ko? So kake in ce maka ka kai ta bayan tudu, don gobe ka ce Gwaggo ce ta ce. Ba za ka ji wannan daga bakina ba. Da harbi nake so a yi mata, da Calum ya gama tun tuni, ba sai na biya mata kuɗin mota ba.

Karya ta ga mutumin da ke ba ta abinci ya faɗa teku ya ɓace, me kake so ta yi? Ta yi tafi? Tun tana 'yar ƙarama abu ɗaya aka koya mata, kada ta bar ko ɗaya daga cikin garke ya ɓace. Kai ne garkenta yanzu, Allah ya jiƙanta da irin garken da ta samu. Shi kuma Lachie, ƙato da shi, karya mai nauyin buhun dankali ta gagare shi?

Babanka haka yake, in abu ya yi wuya sai ya nemi wanda zai ɗora wa. Na ɗauka ka fi shi.

Dolina

Bunessan
8 ga Disamba

Gwaggo,

Na gaishe ki, ina fatan sanyi bai taɓa gwiwar ba. Na yi shiru ne don da na amsa a makon da takardarki ta zo, da na rubuta abin da zan yi nadama. Ki bar babana ya huta. Ban nemi izinin kashe ta ba. Ke kika san karnuka, ni kifi na sani, shi ya sa na tambaye ki.

Tunda ba ki faɗa mini komai ba, na yi tawa dabarar, kuma ga abin da ta haifar. Na ɗaure ta da igiya a wuya, a jikin ƙarfen da ke bayan ɗakin sitiyari. Na bar igiyar da ɗan tsawo don ta samu sakewa, ashe nan kuskuren yake. Ina sauka ta tsallake gefen jirgi, ta rataye a waje, ƙafafunta na shafar ruwa. Lachie ya ga jawo ta zai karya mata wuya, sai ya yanke igiyar. Ta faɗa daidai wajen farfela. Allah ne ya sa hannunsa ɗaya na kan giyar inji, ya tsayar da farfelar.

Da na taso na same su a zaune su biyu, ita cikin tsohon bargonsa tana rawar ɗari, shi yana kunna taba. Ya ce, "Ba ƙinta nake yi ba, ka ji? Amma ido biyu Allah ya ba ni, kuma duka naka ne. Wata rana ɗayanku zai mutu ina kallon ɗayan." Ya ba ni zuwa Sabuwar Shekara. Bayan nan ya ce shi da kansa zai ɗauko bindiga, don ya san ni ba zan iya ba. Gaskiyarsa ne, ba zan iya ba. Na saba da ita, Gwaggo, har kunya nake ji in faɗa.

Kwana takwas ban shiga ruwa ba. In kin san wani abu, ki rubuto. In zagi ne ya rage, ki ajiye kan sarkinki.

Torquil

Glasgow
12 ga Disamba

Torquil ɗana,

Ina lafiya, sai kunya. Na yi maka mummunar fahimta, na kuma taɓa babanka da ba ya nan balle ya rama. Ka yafe mini. Zaman gidan mutane ya sa bakina ya ƙara kaifi.

Da farko, kada ka ƙara ɗaure ta a wuya, ko da zare ne. Ga 'yar rigar tamfol na ɗinka mata, mai maɗauki a baya, in ta faɗa ruwa a ɗago ta da shi. Ka shimfiɗa mata tsohon buhu inda ƙafa ba za ta zame ba, ka ajiye ruwan sha kusa, in ba haka ba na gishiri za ta lasa.

Sai babban abin. Na daɗe ina juya shi a raina kafin in rubuta. Ka san in tunkiya ta maƙale a gaɓar dutsen bakin teku, da igiya maza ke sauka su ɗauko ta. Kare ba ya iya bin su, in kuwa aka bar shi haka nan zai bi ya faɗa. Don haka mutum kan tuɓe kwat ɗinsa ya shimfiɗa a sama, ya ɗora hannu a kai ya ce wa karen, "Riƙe." Shi ke nan ya ba shi aiki. Kare mai aiki ba ya haukar neman kowa. Kakan Finlay haka ya yi, Finlay haka ya koya wa Tib. Ta sani, tunatarwa kawai take so.

Ka zaɓi kwat ɗaya, wanda ya sha warinka, kada ka wanke shi. Ka fara a tudu. Ka shimfiɗa, ka ce riƙe, ka ɓuya bayan tirela minti ɗaya, ka dawo, ka ɗaga kwat ɗin da hannunka, ka yabe ta. Gobe minti biyar. Sannan a kan gadar da ake ɗaure jirage, sannan a jirgi yana ɗaure, sannan ka nutse a ruwa mara zurfi tana kallo. Kada ka yi gaggawa, na san jininku.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba wasa a ciki. Wanda ya shimfiɗa shi ke ɗagawa. Ka gaya wa Lachie kada ya taɓa kwat ɗin, ko ruwa ake yi, ko jirgi na ci da wuta. Kai kuma kada ka shimfiɗa shi ka tafi shan giya ka manta.

Ka gaishe mini da Lachie, ka ce masa na janye maganar buhun dankali.

Gwaggonka,
Dolina

Bunessan
15 ga Fabrairu, 1987

Gwaggo Dolina,

Gaisuwa da godiya. Ya jiki, ya tsohuwarki? Ki yi haƙuri da jinkiri, iska ta hana jirgin wasiƙu zuwa sau biyu, sauran kuma lalacina ne.

Gwaggo, abin kamar sihiri! Ranar farko da na shimfiɗa tsohon kwat ɗina na ce riƙe, ta dube ni kamar ta ce sai yau ka yi magana da hankali. Ta hau, ta juya sau biyu, ta kwanta. Mako uku muka yi muna bin matakan da kika ce, ban tsallake ko ɗaya ba. Yanzu ina sauka ta ɗora haɓa a kan hannun kwat ɗin, idonta a kan ruwa, ko uffan. In na hawo tsani ba ta tasowa, sai wutsiya ke dukan katako, har in cire tukunya in zo in ɗaga. Sannan ne take zama mahaukaciya.

Lachie kuwa ya zama abin dariya. Mutumin da ya yi maganar bindiga, yanzu matarsa Peigi burodi uku take sa masa maimakon biyu, tana mamakin yadda cinsa ya ƙaru. Na kama shi yana gaya wa Tib labarin ƙwallo. Na ce, "Lachie, kumfata fa?" Ya ce, "Rufe mana baki, mu biyu ke kallonta yanzu."

Da can ihunta kan sa Lachie ya buga ƙarfe a jikin jirgi don in ji in taso tun ban cika buhu ba. Yanzu hankali kwance nake aikina. Mun samu wani sabon wuri mai zurfi, ƙumba shimfiɗe ba wanda ya taɓa su, har sau uku nake sauka a rana.

Naki,
Torquil

Glasgow
2 ga Afrilu

Torquil,

Ina lafiya, ina fatan kai ma haka. Wannan ce takarda ta uku tun Fabrairu, ko ɗaya ba ka amsa ba. Ko dai an samu mace ne a Bunessan? In haka ne na yafe.

Na yi murna da labarin Tib, amma layi ɗaya ya tsaya mini a rai. Sau uku a rana, a wuri mai zurfi? Ni ban san nutso ba, amma akwai wani a cocinmu da ya yi aikin a rijiyoyin mai na cikin teku, na tambaye shi, sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Danginki ne?" Ban so yadda ya dube ni ba.

Ka rubuto ko layi biyu ne.

Dolina

Asibiti, Oban
14 ga Afrilu

Gwaggo,

Ki yi haƙuri da rubutun, hannun bai gama dawowa ba. Ina raye. Na sa an buga waya gidanku, 'yar tsohuwar ta ce ba a kiran masu aiki a waya, shi ya sa na rubuto.

Mutumin cocinku ya yi gaskiya. Ranar Asabar, a sauka ta uku, na daɗe fiye da ƙa'ida. Na hawo tsani lafiya, ina cire tukunya sai ƙafafuna suka tafi. Ciwon masu nutso ne, iska ta shiga jini. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ni daga kan ruwa, aka sa ni a wani tankin ƙarfe da ake jinyar masu nutso a ciki, awa da awanni. Yanzu ina jin yatsun ƙafar dama, na hagu tukuna.

Ba don wannan na rubuto ba. Gwaggo, ban ɗaga kwat ɗin ba. Taki uku ne tsakanina da shi lokacin da na faɗi. Tana kallo aka ɗaure ni aka ja ni sama, ba ta tashi ba.

Lachie ya zo jiya. Jirgi na ɗaure a gada, ita tana kai har yanzu. Ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ranar Lahadi ya ce bari ya naɗe ta da kwat ɗin gaba ɗaya ya kai gida, ta kama masa hannu, sai da aka yi ɗinki. Peigi ta ce karen da ya ciji mutum ya gama zama a garin. Shi Lachie ba don hannun yake magana ba. Ya zauna a bakin gadona yana murza hula ya ce, "Mutuwa take yi a hankali, Torquil. Barinta haka mugunta ne. Ka ce mini in taimake ta." Na roƙe shi ya jira zuwa Juma'a.

Likita ya ce kwana goma kafin in tsaya. Na ce a kai ni ko a kan katako ne, suka ƙi. Ke kaɗai ta sani kafin ni. Ki taimake ni.

Torquil

Bunessan, a cikin jirginka
19 ga Afrilu

Torquil ɗana,

Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya mayar maka da ƙafar hagu. Ni lafiya, gwiwa dai ta sha tsanin jirginka. Tib na raye, bari in fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Takardarka ta same ni ranar Laraba da safe. Na ce wa 'yar tsohuwar zan yi tafiya, ta ce in na fita ƙofar nan tana iya samun wata. Na ce to Allah ya ba ta mai haƙuri. Ranar Alhamis da rana ina kan gada.

Na tarar da wani gajere da hannu a naɗe yana zaune a kan akwatin kifi. Na ce, "Kai ne Lachie? Na ɗauka dogo ne." Ya ce, "Ke ce mai buhun dankali?" Na ce ya nuna mini hannun. Ɗinki huɗu ne kacal. Na ce, "An gaya maka kada ka taɓa, ka taɓa. Da ni ce karyar, da takwas za a yi." Ya yi dariya, sai kuma idonsa ya kawo ruwa. Ashe ya kafa wa Tib tamfol don ruwan sama, ya jera kwanoni uku a gabanta, har da naman da Peigi ta dafa don Lahadi. Mutumin kirki ne, ka riƙe shi. Peigi kuwa na je har ɗakin girkinta, mun sha shayi tukunya biyu, ta ce ta bar maganar, amma kada karyar ta taka mata gida.

Tib ta rame, idonta ya faɗa. Da na sauka ta gane ni, wutsiya ta buga sau biyu. Na yi mata fiton Finlay, wanda ko tana bayan tudu uku sai ta zo. Ta ɗaga kunne, ta dube ni, ta mayar da haɓarta kan hannun kwat ɗinka. Ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini ciwo ƙwarai. Na zauna na juya mata baya na ɗauko saƙata, ina tsoma yatsu a madara ina miƙa hannu baya ba tare da na kalle ta ba. Ranar Juma'a da hantsi na ji harshe a yatsana. Yau ta ci ƙwai da ɗan dafaffen kifi. Takan yi taki biyu ta yi fitsari ta koma, iyakarta ke nan.

Yanzu sai abin da ya kamata in gaya maka tun Disamba. Ka san Finlay faɗuwa ya yi daga dutse. Abin da ba ka sani ba, ranar ba Tib ya tafi da ita ba, uwarta ce, Meg. Ya shimfiɗa kwat, ya ce riƙe, ya sauka wajen tunkiya, turken igiyar ya tuge. Kwana tara kafin teku ta dawo da shi. Kwana taran nan Meg na kan kwat ɗin a bakin dutse, ni ina hawa kullum da kwano ina saukowa da shi cike. Ban san dabarar juya baya ba a lokacin, tsayawa nake a kanta ina roƙo ina kuka. Ranar da aka binne shi Calum ya hau da bindiga, ni na ce ya hau.

Duk wannan na sani lokacin da na rubuto maka dabarar. Na san wace irin sana'a kake yi. Na yi shiru ne don ina tsoron in ka ji za ka ƙi, Lachie kuma ya ɗauko bindiga. Ga shi kuma shirun da ta yi ne ya ba ka damar daɗewa a ƙasa. Karyar na duba, ban duba ka ba. Ba na neman ka ce ba komai.

Zan zauna da ita har ranar da za a sallame ka. Amma ba za ka same ni ba, jirgin da ya kawo ka shi zan bi in tafi. Kada ka ɗauka fushi ne. Ba zan iya tsayawa in ga mutum ya dawo ya ɗaga kwat ɗinsa ba.

Gwaggonka,
Dolina

Bunessan
24 ga Mayu

Gwaggo Dolina,

Na gaishe ki da kyau. Na ji kin koma Scarista kin buɗe gida, na ji daɗi. Ya gwiwa? Ni da sanda ɗaya nake tafiya yanzu, ƙafar hagu na ja kaɗan. Na hango ki ranar nan, kina hawa jirgi ina sauka, da jakar saƙarki. Na ga kin juya fuska, shi ya sa ban kira ba.

Tunda ba ki gani ba, bari in gaya miki a taƙaice. Da gindi na sauka tsanin, Lachie na riƙe da wuyan rigata yana zagina. Na rarrafa na ɗaga kwat ɗin. Ta yunƙura za ta yi tsalle, ƙafafunta suka ƙi, ta faɗo a kaina. Lachie ya ce, "Guragu biyu Allah ya haɗa ni da su," ya shige ɗakin sitiyari ya daɗe yana gyaran abin da bai lalace ba.

Maganar Meg, na karanta ta sau da yawa. Da kin gaya mini a Disamba, da na shimfiɗa kwat ɗin duk da haka. Sauka ta uku kuwa ba ke kika tura ni ba, haɗamata ce. Kin ce kada in ce ba komai, to ban ce ba. Amma ki zo da bazara, Tib ta fara mayar da jiki, ya kamata ki gan ta.

Likita ya ce nutso ya ƙare mini har abada. Bayan kwana biyu na sayar da tukwanen iska. Mun ɗauki wani mai nutso, Ruairidh, daga Tiree, mai 'ya'ya uku. Lachie ya ce idonsa ya gaji, shi zai riƙa jan buhu, ni in riƙe sitiyari. Tib ba ta damu da Ruairidh ba ko kaɗan, yana sauka take kwanciya ta yi barcinta.

Ni ne abin ya dama. Ranar Litinin Ruairidh ya fara sauka ina kallo. Kansa ya nutse, ruwa ya rufe, sai 'yar kumfa tana tasowa, iska na watsa ta. Sau biyu ta ɓace mini a cikin hasken rana, na kama ƙarfe zan buga masa ya taso. Lachie ya riƙe mini hannu ya ce, "Ina za ka? Minti shida ke nan da saukarsa. Zauna." Na zauna, ina ta duba agogo. Shekara tara Lachie yana wannan a kaina, ban taɓa ce masa sannu ba.

Minti arba'in Ruairidh ya yi a ƙasa, Gwaggo, ya taso yana dariya yana tambayar shayi. Ni kuwa da na je zuba masa, a kan katako nake zubawa, sai da Lachie ya karɓi butar daga hannuna.

Ɗanki,
Torquil